Ina ribar PlayStation da Xbox take tafiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na tara ɗan jari ina so in fara sayar da na'urorin wasan bidiyo irin su PlayStation 5, Xbox da Nintendo Switch. Na ga PS5 ta fito a kan dala 499, sai na ce abin da ya kai wannan tsada ai ribarsa ba za ta yi kaɗan ba. Nawa ake saro ta, kuma nawa mai shago yake samu a kan kowace ɗaya?

Amsa: Barka kadai, Allah ya sa albarka a jarin. Sai dai tun kafin ka taɓa kuɗinka, cire wannan lissafin daga ranka. Cikin kayan lantarki, sabuwar na'urar wasa tana daga cikin waɗanda suka fi ƙarancin riba ga mai sayarwa, duk da tsadarta.

Sony mai PlayStation, Microsoft mai Xbox da Nintendo ba sa buga farashin sari a fili, magana ce tsakaninsu da manyan dillalansu. Amma akwai inda ake leƙawa. GameStop, babban kamfanin shagunan wasanni na Amurka, yana kasuwar hannun jari, don haka dole ya bayyana lissafinsa duk shekara. A shekarun da yake rarraba ribarsa kashi-kashi, wajajen 2012, abin da yake samu a kan sabuwar na'ura bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Sabon faifan wasa yana ba shi kashi ashirin da 'yan kai. Tsofaffin faifai da na'urori na hannu kuwa, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, ribarsu ta kusa rabin kuɗin da aka sayar da su. Ka lura, wannan kamfani ne mai dubban rassa, wanda yake saye kai tsaye daga masu ƙerawa.

Mu yi misali da kashi 8. Na'urar dala 500 ke nan ka saro ta a kan 460, ka ci 40. Idan mai saye ya biya da kati, kamfanin katin zai yanki kashi 2 ko 3, dala 10 zuwa 15 sun tafi. Ga kuɗin dako, ga haya, ga albashin yaron shago. Idan aka dawo maka da guda ɗaya da ta lalace kuma asarar ta hau kanka, ta cinye ribar goma ko fiye. Wannan ma lissafin wanda yake saye daga tushe ne. Ƙaramin ɗan kasuwa yana saye ne daga dillali, wani lokaci dillalin dillali, kowa kuma sai ya ɗiba kafin ta iso hannunsa. Ba abin mamaki ba ne ka tarar farashin da aka ba ka na sari ya yi kunnen doki da wanda manyan shaguna suke sayar wa kowa.

To me ya sa shaguna suke ajiye ta? Saboda ba wanda yake sayen na'ura ya fita da ita tsirara. Zai ƙara hannun wasa na biyu don abokinsa, ya ɗauki faifai ɗaya ko biyu, ya sayi lasifikar kunne, wataƙila da ƙarin ma'ajiyar bayanai. A nan mai shago yake numfashi. Na'urar ita ce take shigo da mutum, kayan da ke kewaye da ita su ne suke biyan haya. Idan jarinka ba zai isa ka cika shagon da waɗannan ba, a ganina gara ka fara da su da kuma saye da sayar da na hannu, ka bar sababbin na'urori sai ka yi ƙarfi. Kwali goma na PS5 a jingine kuɗi ne mai yawa a kwance, suna jiran ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya dame ka fiye da wannan. PS5 mara ramin faifai, wadda ta fito a kan dala 399, da Xbox Series S, duk wasanninsu ta intanet ake sauke su daga shagon kamfanin. Ranar da ka sayar wa mutum irin wannan, da wuya ya dawo wurinka neman faifai, sabo ko tsoho. Abin da ya rage maka shi ne katin zuba kuɗi a asusu, shi ma ribarsa kaɗan ce.

Tambaya: Na sha jin ana cewa kamfanonin da kansu faɗuwa suke yi a kan kowace na'ura. Gaskiya ne, ko dai salon talla ne?

Amsa: Gaskiya ne, musamman a farkon fitowa. Misalin da ya fi shahara shi ne PlayStation 3 a 2006. Sony ta sa mai gigabait 60 a kan dala 599, mutane suka yi ta kukan tsada, amma kamfanin iSuppli da ya kwance na'urar ya ƙiyasta kuɗin haɗa ta a kan kimanin dala 840. Ke nan asarar sama da dala 200 a kan kowace ɗaya, ba a ma sa talla da dako ba. Sony ta ji jiki, ta kuma koyi darasi: PS4 ta fito a 2013 a kan dala 399, an ƙiyasta haɗa ta a kan 381. PS5 ma da asara aka fara sayar da ita a Nuwamban 2020, sai a Agustan 2021 Sony ta sanar cewa mai ramin faifai ta daina faɗuwa.

Microsoft ba ta ɓoye nata ba. A shari'ar kamfanin wasanni na Epic da Apple a 2021, wata babbar jami'ar Xbox, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar kanta ba. A 2022 shugaban Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya ce suna tallafa wa kowace na'ura da dala 100 zuwa 200.

Ba don tausayi suke yi ba. Duk wasan da aka saya a shagon intanet na PlayStation ko Xbox, kamfanin yana ɗaukar kashi 30 idan na wani kamfani ne, idan nasa ne kuma duka nasa ne. Ƙara da kuɗin wata-wata na PlayStation Plus da Game Pass, wato tsare-tsaren rajistar wasanni na kamfanonin biyu. Wanda ya sayi na'ura zai yi shekara biyar ko bakwai yana zuba kuɗi a gida ɗaya, kuma da wuya ya koma wani tunda wasanninsa da abokansa suna nan. Wannan ne ma ya sa ba a bar wa mai shago komai ba: kamfanin da yake asara a kan kwali ba shi da abin da zai raba da kai.

Nintendo ta ɗan bambanta. Tana amfani da kayan ciki marasa tsada sosai don ta ci riba tun daga farko, kamar yadda ta yi da Wii a 2006 da Switch a 2017. Amma ita ma ta taɓa shiga. A 2011 da na'urarta 3DS ta ƙi tafiya, ta sauke farashinta daga dala 249 zuwa 169 cikin 'yan watanni, ta koma sayarwa da asara, har shugabanta Satoru Iwata ya yanke rabin albashinsa.

Tambaya: In jira farashi ya sauka kafin in saya?

Amsa: Da a da ne, da na ce jira. PS2 da PS3 duk sun yi ta sauka da shekaru, saboda kayan ciki suna araha ana kuma ƙanƙanta na'urar. Wannan zubin ya karya al'adar. Sony ta ƙara kuɗin PS5 a Turai, Ingila da Japan a Agustan 2022, sannan a Amurka a Agustan 2025 ta ƙara dala 50. Microsoft ma ta ƙara na Xbox a 2025. Switch 2 kuwa da dala 449 ta fito, alhali ta farko 299 ce. Idan kana neman sauƙi, ka sa ido a kan rangwamen ƙarshen shekara da kunshin da ake haɗa na'ura da wasa a kwali ɗaya. Irin wannan rangwamen galibi daga kamfanin yake fitowa, don haka kada ka matsa wa mai shago ya rage maka dala 50 a kan abin da shi kansa bai ci 50 ba.