Fambel uku a wata huɗu: matuƙi ne ke cuta ta, ko inji ne?

Wani ɗan kasuwar kifi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na haɗa jari na sayi jirgin kamun kifi mai injin dizal a cikinsa, na damƙa wa wani matuƙi da yaransa, suna fita muna raba abin da aka samu. Cikin wata huɗu sau uku ke nan ana karɓar kuɗin fambel na altaneta a hannuna. Na ƙarshen a tsakiyar ruwa ya tsinke, sai janyo su aka yi, kusan rabin kifin ya lalace. Shin cuta ta ake yi, ko haka abin yake? Wani kuma ya ce in sayi masu araha da yawa in jibge. In yi hakan?"

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Bari in fara da zargin, domin shi ne ya fi ci maka rai. Mutumin da ke son ya ci kuɗin fambel ba zai bari ya tsinke masa a tsakiyar ruwa ba, inda ransa da na yaransa ke cikin haɗari, kuma rabonsa na kifi ma ya tafi. Ban ce ba a cin amana a wannan harka ba, ana ci. Amma abin da ka bayyana ya fi kama da inji mai ciwo, wanda ake ta sauya masa roba ba a taɓa ciwon ba. Fambel mai kyau, a kan injin da yake daidai, yakan yi ɗaruruwan awoyi yana aiki. Idan uku suka mutu a wata huɗu, akwai abin da ke kashe su, kuma na huɗun ma zai bi sahu ko da na zinariya ka saya.

Ya kamata ka san abin da wannan 'yar robar take riƙe da shi. Ita ce ke ɗauko juyi daga fulin inji, wato faifan ƙarfen nan mai kwari da take hawa kansa, ta kai wa altaneta, shi kuma ya yi cajin batir. A yawancin injinan dizal na jirgi, wannan fambel ɗin dai shi ke juya famfon da ke zagaya da ruwan sanyaya inji. Don haka in ya tsinke, abu biyu ne ke tsayawa lokaci guda. Rashin caji yana ba da lokaci, domin dizal na iya ci gaba da tafiya batir na raguwa a hankali. Tsayawar famfo kuwa ba ta jira, cikin mintoci kaɗan inji ya ɗau zafi, in matuƙi bai kashe ba gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ya tsage. Matuƙinka da ya kashe inji ya nemi a ja su, ya cece ka daga asarar da ta ninka wadda ka yi. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka yi masa magana.

Yanzu ka ɗauki biro. Rubuta kuɗin fambel uku a gefe ɗaya. A ɗaya gefen rubuta kifin da ya lalace, ƙanƙarar da ta narke, man da aka ƙona aka je aka dawo da rabin kifi, ladan jirgin da ya janyo su, kwanakin da jirgi ya yi a ɗaure, da kuma ribar waɗannan kwanaki. Ƙara da mai sayen kifinka da ya jira bai samu ba ya koma wajen wani, duk da wannan ba ya rubutuwa da lamba. Za ka ga kuɗin fambel ɗin da ke hana ka barci shi ne mafi ƙanƙanta a takardar. Na sha ganin masu jari suna ja-in-ja a kan ƙaramin abin da ake karɓa a hannunsu da tsabar kuɗi, babbar asarar kuwa tana wucewa shiru saboda ba wanda ya zo ya ce "kawo".

Abu na farko da za ka yi shi ne ka nemi tsofaffin fambel ɗin, ka kuma je ka ga injin da idonka, tare da makaniken jirgi wanda ba shi ne ya ɗaura ukun nan ba. Gani ya kori ji. Ka gaya wa matuƙi cewa ciwon ake nema, ba tarko kake ɗana masa ba.

Inji a kashe, ka shafa yatsa a gaban altaneta da jikin inji kusa da fuli. In yatsan ya fito da baƙin gari mai laushi kamar kwalli, fambel ne ke narkewa a hankali, kuma wani abu ne ke cin sa. Leƙa cikin kwarin fulin. Irin wannan fambel da gefunansa biyu yake kamawa, bai kamata ya taɓa ƙasan kwarin ba. In ka ga ƙasan yana ƙyalli kamar an goge shi, ko dai fulin ya cinye ya buɗe, ko fambel ɗin ya yi masa siriri. Sai ka duba tsatsa. Jirgin da ya kwana biyu a ɗaure cikin danshi, balle a ruwan gishiri, fulinsa kan yi tsatsa, ranar da aka tayar da inji kuwa tsatsar nan ta zama samfefa, ta kankare sabon fambel cikin 'yan kwanaki. Maganinta buroshin waya da samfefa mai laushi. In ƙarfen ya yi ramuka, a sauya fulin kawai.

Bayan nan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na altaneta a ga ko suna kan layi ɗaya. Karkata kaɗan, wadda ido ba ya kamawa, ta isa ta sa fambel ya riƙa cinyewa ta gefe guda. Sau da yawa abin daga maɗaurin altaneta yake: noti ya kwance, ko ramin ya faɗaɗa saboda girgiza, ko an taɓa yi masa walda aka mayar a karkace. Tsohon fambel ɗin zai ba da shaida. Gefe ɗaya ya fi cinyewa, karkata ce. Gefuna sun yi santsi da ƙyalli da tauri, sulɓi ya yi ta yi saboda sako-sako. Ya kumbura ya yi laushi yana danƙo, baƙin mai ko dizal ke ɗiga a kansa, sai a nemo inda yake yoyo. Ya tsattsage ta ciki, tsufa ne ko zafi.

Batun ɗauri nan ne aka fi yin kuskure, ta ɓangarori biyu. A danna babban yatsa da ƙarfi a tsakiyar wuri mafi tsawo tsakanin fuli biyu. Abin da aka saba shi ne ya lotsa kamar milimita 10 zuwa 13, wajen kaurin yatsa, amma in littafin injin ya faɗi wani adadi, nasa za a bi. Wani gwajin mai sauƙi: a gwada juya fulin altaneta da hannu. In ya juya fambel na tsaye, ya yi sako-sako. Shi ne ke yin ƙarar nan mai tsini da safe in an tayar da inji, wani lokaci har da warin ƙonanniyar roba. To amma yaran jirgi in suka gaji da ƙarar, sai su sa ƙarfe su banƙare altaneta su ɗaure tamau kamar tsirkiya. Ƙara ta ɗauke, kowa ya ji daɗi, alhali nauyin ya koma kan boris, wato ƙarafan da sandar fuli ke juyawa a cikinsu, na altaneta da na famfon ruwa. Bayan wani lokaci abin da za a zo karɓa a hannunka ya tashi daga kuɗin roba ya koma kuɗin famfo. Kada kuma a yarda a shafa wa fambel mai ko sabulu don ya yi shiru.

Akwai tambaya guda da nake so ka yi, domin ina kyautata zaton a nan amsarka take: tun da ka sayi jirgin, an ƙara masa kayan wuta? Manyan fitilun aikin dare, famfon kwashe ruwa, na'urar gano kifi, firiji, ƙarin batir, ko an cire altanetan asali an sa babba? Altaneta ba kyauta yake ba da wuta ba, daga ƙarfin inji yake ja, kuma duk ta cikin robar nan ƙarfin ke bi. A tsarin batir mai volt 12 (12V), kowace amfiya 25 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da altaneta ke bayarwa) tana cin kusan ƙarfin doki 1 na inji, wato altaneta mai amfiya 100 na iya jan wajen doki 4. Siririn fambel mai faɗin milimita 10 yakan gaza in an wuce amfiya 70 zuwa 80, mai milimita 13 kuma iyakarsa wajen 100. Sama da haka sai fuli mai kwari biyu da fambel biyu, ko faffaɗan nan mai layuka a ciki. Batirin da ya mutu ma haka yake yi, kullum yana jan caji, altaneta ba ya hutawa, fambel na shan wuya. A sa mita a kan batir inji na tafiya: a tsarin 12V a ga volt 13.8 zuwa 14.4, a na 24V ninkinsa. In lambar tana ƙasa da haka kuma tana faɗuwa da zarar an kunna fitilu, ga zaren nan, a bi shi.

Shawarar jibge masu araha kuwa, ban goyi bayanta ba. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai za ka rasa ba. Za ka daskarar da jari a kan kayan da ke bushewa a ajiye, sannan ka koya wa yaran jirgi cewa tsinkewar fambel ba komai ba ce tunda akwai wani a buhu, ciwon asali kuma ya ci gaba da cin boris. Sayi biyu masu kyau, ɗaya a kan inji, ɗaya a cikin jirgi. Kamfanoni irin su Gates, Bando, Mitsuboshi, Optibelt da Continental sanannu ne a wannan fanni, sai dai suna a jikin kwali ba hujja ba ce, domin ana buga na jabu. Ka samu dila guda da kake saye a wurinsa da rasit, wanda zai karɓi kayansa in sun ba da matsala. Kuma da lamba ake sayen fambel. Kada a ɗauki tsohon da ya riga ya miƙe a je ana gwadawa da ido. In ka ga an rubuta AVX10 x 975, ma'anarsa faɗi milimita 10, tsawo milimita 975. Nemo lambar da littafin injin ya faɗa, ka rubuta ta a wayarka, a kuma rubuta da fenti a jikin murfin inji. Mai haƙora ta ciki ya fi jure lanƙwasa a kan ƙaramin fulin altaneta, kuma bai cika ɗaukar zafi ba. In injinka mai fambel biyu ne a jere, tare ake sauya su, iri ɗaya, in ba haka ba sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai.

Na ajiyar a sa shi a leda, nesa da rana da mai da zafin inji, kada a naɗe shi a karye. A haɗa shi da sifanun da suka dace da notocin altaneta, su zauna tare, domin fambel ba sifana a tsakiyar ruwa daidai yake da babu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a sa kowane yaron jirgi ya sauya shi sau ɗaya a bakin gaɓa da rana tsaka. A nan za a gane ko sai an cire wani fambel ko tiyo kafin a kai gare shi.

Sauyin kansa ba wuya. A kashe inji, a cire wutar batir, a sassauta notin ƙasa da na sama mai zamiya, a tura altaneta ciki, tsohon ya fita da kansa. A goge fuli, a zura sabo da hannu. Kada a banƙara shi da sukudireba, yana tsinka zaren da ke cikinsa tun bai fara aiki ba. A ɗaure, a tayar da inji na 'yan mintoci, a kashe a sake dubawa. Sabon fambel yana miƙewa yana zama cikin kwari, don haka dole a ƙara ɗaure shi bayan fitar farko. Wannan ƙaramin mataki da ake tsallakewa ya kashe sababbin fambel da yawa. Kada kuma a taɓa cire wayar batir inji na tafiya, yana ƙona altaneta.

Saura tsarin kuɗin, wanda shi ne naka kai tsaye. Muddin kuɗin gyara daga aljihunka kaɗai yake fita, kuma sai abu ya lalace ake zuwa, to kullum kai kana zargi, su kuma suna jin nauyin faɗa maka da wuri. Ku zauna ku amince da wani kaso da za a cire daga kowace fita kafin a raba, a ajiye shi da sunan inji: fambel, baƙin mai, matatar mai, robar famfo. Kowa ya san nawa ke ciki. A ajiye ƙaramin littafi a jirgi, a rubuta ranar da aka ɗaura fambel, lambarsa, awoyin inji a ranar, da wanda ya ɗaura. Duk tsohon da aka cire a kawo maka. Matuƙi ya danna fambel da yatsa kowace safiya lokacin da yake duba mai da ruwa, abin bai kai minti ɗaya ba. A kuma sa lokacin sauyi tun yana da rai, misali farkon kowace kakar kamu ko adadin awoyin da littafin injin ya tsara, wanda aka cire in yana da sauran ƙarfi ya zama na ajiya na biyu.

A wannan makon dai kada jirgin ya sake fita sai makanike ya auna layin fuli, ya duba kwarinsu, ya karanta amfiyar da ke rubuce a jikin altaneta ya gwada ta da faɗin fambel, ya kuma gwada batir. Aikin rabin yini ne. In ka samu lambar altanetan da ta fambel da jerin kayan wutar da ke jirgin, ka aiko mini, sai mu lissafa ko fuli mai kwari biyu ne ya fi maka sauƙi ko komawa ƙaramin altaneta.