Me David Allis ya gano game da histon, kuma wa ya amfana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na jami'a, ina karanta ilimin sinadaran jiki. Malaminmu ya ce ƙwayar halittar hanta da ta ƙwaƙwalwa duk DNA ɗinsu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ke buɗe, waɗanne ke rufe. Ya ambaci wani Ba'amurke, David Allis, ya ce shi ya sauya wannan fage. Me ya gano takamaimai? Kuma ban da lambobin yabo, akwai mara lafiyar da aikinsa ya amfana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Malaminku ya yi gaskiya, kuma na ji daɗi da kika haɗa da tambaya ta biyu, don da ita ake gane nauyin aikin mai bincike.

Sai kin san inda DNA yake zaune kafin ki gane Allis. Idan aka warware DNA na ƙwayar halitta ɗaya tak ta ɗan Adam, tsawonsa ya kai kusan mita 2, ga shi kuma dole ya shige cikin cibiyar ƙwayar, wadda ido ba ya gani. Dabarar ita ce naɗi. Akwai wasu ƙananan furotin da ake kira histon, iri huɗu: H2A, H2B, H3 da H4. Biyu-biyu daga kowane iri suna haɗuwa su zama dunƙule mai guda 8, sai DNA mai tsawon haruffa 147 ya zagaye dunƙulen kusan sau biyu, ya ɗan miƙe, ya sake zagaye na gaba. A madubin lantarki abin yana kama da carbi, sai dai zaren ba ta cikin ƙwayar ya ratsa ba, ta bayanta ya naɗe. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974. DNA tare da waɗannan furotin shi ake kira kiromatin.

Shekaru da yawa yawancin masana na kallon histon a matsayin kayan ƙunshi kawai. Amma tun 1964 Vincent Allfrey na cibiyar bincike ta Rockefeller da ke Niyok ya lura cewa ana liƙa wa histon wani ƙaramin sinadari, asetil, kuma inda asetil ya yi yawa a nan ake yawan karanta ƙwayoyin gado. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, Michael Grunstein ya nuna a jikin yis cewa idan aka datse jelar histon, wato ɓangaren da ke leƙowa waje daga dunƙulen, wasu ƙwayoyin gado sun daina buɗewa ko rufewa yadda ya kamata. Duk da haka shakka ba ta gushe ba. Ganin abubuwa biyu tare ba ya nuna cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya. Ba wanda ya riƙe inzayim ɗin, wato furotin ɗin da ke aikin liƙa asetil ɗin, a hannunsa, ballantana ya nuna alaƙarsa da buɗe ƙwayar gado.

Nan Allis ya shigo, kuma hanyar da ya bi ce ta fi burge ni. Bai nemi inzayim ɗin a jikin mutum ko ɓera ba. Ya nema a jikin Tetrahymena, wata halitta mai ƙwaya ɗaya da ke iyo a ruwan kududdufi, wadda ya daɗe yana aiki a kanta tun yana ɗakin binciken Martin Gorovsky a Jami'ar Rochester. Halittar tana da cibiya biyu: babba wadda ake ta karanta ƙwayoyin gado a cikinta, da ƙarama wadda take shiru. Histon ɗin babbar cike yake da asetil. Ke nan idan inzayim ɗin yana wani wuri da yawa, to a babbar cibiya yake.

Ɗalibinsa James Brownell ne ya fito da dabarar kama shi. Kin san ƙullun nan mai kauri, jel, da ake tace furotin a cikinsa da wutar lantarki gwargwadon nauyinsu. Shi sai ya zuba histon a cikin ƙullun tun wajen haɗa shi, ya tace furotin ɗin babbar cibiya a ciki, ya bar su suka koma siffarsu ta aiki, sannan ya jiƙa ƙullun a ruwan da ke ɗauke da asetil mai fitar da haske na nukiliya. Duk furotin ɗin da ke iya liƙa asetil zai liƙa wa histon ɗin da ke kewaye da shi, wurin kuma zai bar tabo a fim. Tabo ɗaya ya fito, a daidai nauyin kilodalton 55 (ma'aunin nauyin furotin ke nan). Da suka gano ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, sai ga shi ɗan uwan Gcn5 ne na yis, wanda masana sun riga sun san cewa aikinsa taimakawa wajen buɗe ƙwayoyin gado, amma ba su san ta yaya ba. An buga sakamakon a 1996. A shekarar kuma, tazarar 'yan makonni, Stuart Schreiber na Harvard ya kama inzayim mai cire asetil, shi ma ya zama ɗan uwan Rpd3 na yis, wanda aka sani da rufe ƙwayoyin gado. Mai liƙawa mai buɗewa ne, mai cirewa mai rufewa ne. Bayan shekara 32 da hasashen Allfrey, gardama ta ƙare.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Jelar histon tana da amino asid mai suna laisin, mai cajin tarawa, DNA kuma cajin ɗebewa gare shi, don haka suna manne wa juna. Asetil yana kashe cajin laisin, riƙon ya sassauta. Abin da ya fi wannan muhimmanci, akwai wasu furotin da ke gane laisin mai asetil su zauna a kansa, su kira injin karanta DNA. A 2000 Allis da Brian Strahl suka faɗaɗa wannan tunani: asetil, metil, fosfet da sauran alamomi, kowace a gurbinta, tamkar rubutu ne da wasu inzayim ke rubutawa, wasu ke gogewa, wasu furotin ke karantawa. Metil a laisin na 4 na H3 yana tafiya da ƙwayar gado buɗaɗɗiya, metil a laisin na 9 ko na 27 yana tafiya da rufaffiya. Sinadari ɗaya ne, gurbi ne ya bambanta.

A ra'ayina wannan hasashe ya yi amfani ƙwarai wajen jan bincike, amma kada ki ɗauke shi daidai da tsarin haruffan DNA, inda haruffa uku kullum suke nufin amino asid guda. Masana da dama sun yi masa raddi, kuma suna da hujja: sau da yawa furotin masu gane jerin haruffan DNA ne ke fara zaɓar wurin, alamar histon ta biyo baya ta ƙarfafa zaɓin. Haka nan maganganun da ke yawo cewa baƙin cikin kaka yana sauka ga jika ta waɗannan alamomi sun wuce inda hujja ta tsaya a jikin ɗan Adam.

Sai batun mara lafiya. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat, maganin da ke toshe inzayim mai cire asetil, don wani ciwon daji na fararen ƙwayoyin jini da ke bayyana a fata. Romidepsin ya biyo baya a 2009. Ba Allis ne ya haɗa su ba, kuma ba su zama maganin kowane ciwon daji ba kamar yadda aka yi fata, amma aikin 1996 ne ya bayyana abin da suke yi.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne ciwon dajin da ke kama tushen ƙwaƙwalwar ƙananan yara, inda tiyata ba ta isa, kuma yawancinsu ba sa wuce shekara guda bayan an gano shi. A 2012 ayarin Nada Jabado a Kanada da na Suzanne Baker a Amurka suka gano cewa a mafi yawan waɗannan yara histon H3 ɗin ne da kansa ya samu tangarɗa: laisin na 27 ya koma metiyonin. Abin mamaki, kaɗan ne daga histon ɗin ƙwayar ke ɗauke da tangarɗar. A 2013 ɗakin binciken Allis, wanda ya koma Rockefeller tun 2003, ya nuna dalili: histon mai tangarɗar yana gurgunta PRC2, inzayim ɗin da ke liƙa metil a laisin na 27, sai alamar rufewa ta ragu a duk faɗin kiromatin. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tangarɗa cikin sunan cutar, likita ya samu abin gwadawa ya tabbatar. Cutar har yanzu tana kashe yara, amma yanzu an san abin da ake yaƙa.

Allis ya karɓi lambar yabo ta Lasker, ta binciken likitanci, tare da Grunstein a 2018, ya rasu a Janairun 2023 yana da shekara 71.

Tun da kina wannan karatu a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ga inda ilimin ya iso ƙofarmu. Ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, kowace tana yin furotin ɗin da ke leƙowa a bayan jar ƙwayar jinin da ta shiga. Guda ɗaya kawai take buɗewa a lokaci guda. Sauran ta rufe su da metil a laisin na 9 na H3, tare da furotin HP1 da ke zama a kan alamar. Idan garkuwar jiki ta fara gane wanda ke waje, wasu daga ƙwayoyin cutar sun riga sun rufe shi sun buɗe wani. Wannan na daga dalilan da ya sa yaro ke ta kamuwa shekara da shekaru kafin jikinsa ya samu ɗan kariya. Idan za ki zaɓi batun binciken kammala digiri, ki fara da karanta yadda ake rufe var, sannan ki tambayi malaminku ko sashenku yana da alaƙa da wani ɗakin bincike da ke rainon ƙwayar cutar.