Amsa ga Kawu kan kuɗin mujallar da ake cirewa duk wata

Assalamu alaikum. Kawu, barka da yamma, ya iyali, ya sanyin Samaru? Na saurari saƙonka, na ce bari in yi murya don rubutu ba zai ɗauka ba. Ka ce mujallar nan da kake biya duk wata ta turo maka imel, wai sun koma sabon shafi, ka sake shigar da katinka, kana tambaya ko gaskiya ne ko 'yan damfara.

To, yana iya zama gaskiya. Ka ga ranar da ka fara biya, ka sa lambar kati, banki ya turo maka OTP, wato lambar sirrin nan da ake amfani da ita sau ɗaya? Mujallar ba ta ajiye lambar katin nan ba. Kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ne ya riƙe, irin su Paystack ko Flutterwave a nan gida, ko Stripe idan ta waje ce. Sai ya ba su wata lamba da ke tsaye a madadin katin, da ita ake cirewa duk wata ba sai an sake tambayarka ba. Lambar nan a wurin wanda ya bayar da ita kaɗai take aiki. Idan suka sauya mai karɓar kuɗi, ta zama makullin tsohon gida. Wasu kan shirya a kwashe bayanan zuwa sabon wurin, kai ba ka ma san an yi ba. Wasu kuwa sai su ce kowa ya sake rijista.

Amma Kawu, don Allah kar ka sa katin tukuna. Inda ake cutuwa shi ne a buɗe sabo alhali tsohon bai tsaya ba. Ni ya faru da ni. Wata jarida da nake biya ta koma sabon shafi, na yi sauri na sake rijista, wata na ƙarewa sai ga alat biyu. Wata uku ana yi min haka ban lura ba, wallahi abin ya yi min ciwo, don kuɗin cefane ne. Sun mayar daga baya, amma sai da na tara rasit na tura musu.

Saboda haka ka fara shiga tsohon asusunka idan yana buɗewa, ka ga ko an rubuta an soke biyan. Ka ɗauki hoton shafin da ranar da kuɗinka zai ƙare, don kwanakin da ka riga ka biya haƙƙinka ne, kar su bi ruwa wajen ƙaura. Sannan ka dubi farashi da kyau. Sau da yawa tsoffin masu biya suna kan tsohon farashi, da zarar sun sake rijista sai su faɗa sabo. Idan kuma da dala ake lissafi, ka san yadda naira ta koma tun Yunin 2023, abin da za a cire yau ba na da ba ne.

Batun imel ɗin kuwa, kar ka danna abin da ke ciki. Ka rubuta adireshin mujallar da hannunka, ka ga ko sanarwar tana can. Lokacin ƙaura irin wannan ne ɓarayi ke fakewa. Duk wanda ya kira ka yana neman PIN ko OTP ko lambobi ukun nan na bayan kati, kashe wayar kawai.

Idan an riga an cire sau biyu, ka rubuta wa mujallar. Suka yi shiru, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba kana da damar kai wa Babban Bankin Najeriya.

Gobe bayan La'asar in sha Allahu zan taso daga Sabon Gari in biyo gida. Ka bar imel ɗin kar ka goge, mu duba tare. A gaida su Inna.