Me ya sa kayan China suka fi na maƙwabta yawa a kasuwarmu?

Tambaya: Ina sayar da kayan gyaran babur a Sabon Garin Zariya. Na ji an ce nisa yana rage ciniki tsakanin ƙasashe. To me ya sa kayan shagona kusan duk na China da Indiya ne, babu na Nijar ko Kamaru?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin zancen aka ba ka. Tun 1962 masanin tattalin arziki Jan Tinbergen, mutumin Holan, ya nuna abu biyu ke juya ciniki tsakanin ƙasashe: girman arzikinsu da nisan da ke tsakaninsu. An yi ta maimaita binciken, kuma galibi idan nisa ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ciniki kan ragu da kusan kashi 9. Dubi Amurka: manyan masu sayen kayanta maƙwabtanta ne, Kanada da Meziko.

Sai dai kusanci ba ya haifar da masana'anta. Nijar ga ta nan kusa, amma ba ta ƙera fulogi ko sarƙar babur, me za ka saro?

Sannan nisan ruwa daban, nisan tudu daban. An fara jigila da kwantena a 1956, yanzu jirgin ruwa ɗaya yana kwasar dubbansu, sai kuɗin dako ya rabu a kan kaya masu ɗimbin yawa. Abin da ke faɗawa kan fulogi guda bai taka kara ya karya ba. Wahalar tana farawa ne a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas: jiran kwastam, kuɗin ajiya da ke hawa kullum, sannan tirela ta ɗauki kwantena ɗaya tak ta kamo hanyar Arewa, ga dizal, ga ramuka, ga shingaye. Don rage wannan aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, wato tashar sauke kwantena a kan tudu, kodayake ba za ta yi cikakken amfani ba sai jirgin ƙasa na kai da kawowa a kai a kai.

Nauyin kaya ma yana da ta cewa. Wayar salula ba ta jin nisa, ko a jirgin sama aka ɗauko ta akwai riba. Siminti kuwa dako ne ke cinye shi, shi ya sa kowa ke son na kusa.

Abin da 'yan kasuwa suka fi mantawa shi ne kwanaki. Kayan da ke shafe sama da wata guda a teku jarinka ne a ɗaure, kuma idan naira ta faɗi kafin su iso, kuɗin kwastam ma ya tashi. Ka sa wannan a lissafi kafin ka ce kayan dillalin Legas sun yi tsada.