Tsohuwar Honda C50 wuta akwai amma tana dukan ƙafa, ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Oga, daga Ƙauran Namoda nake. Tsohuwar Honda C50 ce ta mahaifinmu mai kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta) a cikin maganeto (faifan da ke juyawa yana samar da wutar), na sa sabon fulogi na wanke kafireta, wuta kuma akwai shuɗiya, amma in na buga kik sai ta doko min ƙafa, in ma ta tashi sai harbi a salansa kuma ba ta da ja ko kaɗan. Wani makanike ya ce in cire komai in maida ta CDI, wato tsarin wutar da ba ya amfani da kwantak. Don Allah mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka da ka riƙe mashin ɗin tsoho baka sayar ma 'yan gwangwan ba. Kar ka yi saurin cire komai tukuna. Wuta shuɗiya tana nuna kwayil da kwandansa na aiki ne kawai, bata nuna wutar na zuwa kan lokaci ba, kuma duk abin da ka lissafo maganar taimin ce, wato lokacin da wuta ke fita a fulogi. In wuta ta riga fistin da yawa shi ne take doko ƙafa, in ta makara kuma sai inji yai ta zafi, ba ja, ana harbi a salansa.

Ka buɗe murfin gefen hagu zaka ga maganeto ɗin, a jikinshi akwai haruffa biyu F da T, a jikin inji kuma akwai ɗan tsagi da ake daidaita su da shi. T na nufin fistin ya kai ƙarshen sama, F kuma daidai nan ne ya kamata bakin kwantak ya fara buɗewa don a lokacin buɗewar ne wuta ke fita a fulogi ba lokacin rufewa ba, mutane da yawa nan suke ruɗewa. Ka juya maganeto da hannu ta hagu, wato saɓanin tafiyar agogo, F zai riga T isowa. Ta tagar da ke jikin maganeto zaka hango kwantak. In ya buɗe iyakar buɗewarshi tazarar ta zama 0.3 zuwa 0.4 na milimita, da filagej, siraran ƙarafan auna tazara, ake aunawa ba da ido ba, fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. A irin wannan inji tazarar kwantak ita ce taimin ɗin, in ka ƙara ta wuta ta yi gaba, in ka rage ta wuta ta yi baya. Sai ka samu 'yar takarda siririya sosai ka maƙala a bakin kwantak yana rufe, ka riƙe ta kana ja a hankali kana juya maganeto, inda ta saki nan ne ya buɗe. In F bai kan tsagi a lokacin sai ka sassauta sukurun kwantak ka ɗan matsar da shi da sukundireba ka ɗaure ka sake gwadawa, don ɗaurewar ma kanta tana ɗan motsa shi. In da ƙwan gwaji kake aiki kar ka jira ya mutu gaba ɗaya, dusashewa kawai zai yi saboda kwayil ɗin ciki na haɗe da layin.

To amma abin da na fi zargi a mashin ɗinka shi ne ki, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kamar rabin wata da ke riƙe maganeto a kan karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa. In noti ya taɓa sassautawa ko wani ya taɓa cire maganeto da guduma sai ki ɗin ya yanke, maganeto ya zame daga mazauninshi. Abin da ke wahalar da mutane shi ne tudun da ke buɗe kwantak da haruffan F da T duk a jikin maganeto suke, tare suke zamewa, saboda haka zaka auna ka ga F daidai, wuta tsaf, komai lafiya a ido, alhali fistin yana wani wuri daban. Wallahi nan ne ake ta canza kwayil da kafireta ana ɓarnar kuɗi a banza, kuma ko CDI aka sa in maganeto bai zauna daidai a karanshaf ba matsalar na nan.

Gwajin ba wuya. Cire fulogi, ka sa siririn tsinke mai tsabta ta ramin ya taɓa kan fistin, ka juya a hankali har ka ji ya kai ƙarshen sama ya tsaya, sai ka dubi T. In tana kan tsagi ki lafiya lau. In ta kauce sosai to cire maganeto, amma don Allah da fula, wato abin zaro maganeto, zaren fular ma na hagu ne, kar a doke shi da guduma don duka na raunana maganaɗisun kuma yana iya lanƙwasa bakin karanshaf. Ka sa sabon ki, ka goge wurin zaman ya bushe ƙarau ba mai ba giris, ka ɗaure noti tamau, don matsewar wurin ce ke riƙe maganeto, ki saiti kawai yake yi.

Tunda ka buɗe ka duba bakin kwantak, in ya yi ƙuraje ko ya ƙone baƙi kwandansa ta fara gajiya, alamarta kuma mashin ya tashi da safe lafiya in ya yi zafi ya mutu sai ya huce, canza kwantak da kwandansa tare. Akwai ɗan soso da ke shafa ma tudun mai, ɗigo ɗaya ya ishe shi, in ya bushe ga ƙurar hunturun nan tamu sai ƙafar kwantak ta cinye, tazara ta ragu, taimin ya koma baya da kanshi. Daga nan ka duba tazarar bawul lokacin da inji ke sanyi, 0.05 na milimita ne duka biyun, don bawul da ya matse shi ma yana kawo harbi da rashin ja.