J-Hope na BTS: ɗan rawa ne ko mai gambara?

Tambaya: Shin J-Hope na ƙungiyar BTS ɗan rawa ne, ko mawaƙin gambarar zamani?

Amsa: Duka biyun ne, ɗan'uwa, amma da rawa ya fara. Sunansa na asali Jung Ho-seok, an haife shi ranar 18 ga Fabrairu, 1994, a Gwangju da ke Koriya ta Kudu. Ya yi rawar titi da ƙungiyar Neuron kafin kamfanin Big Hit ya ɗauke shi horo a 2010. Gambara kuwa a can ya koye ta, kusa da RM da Suga, abokan aikinsa a BTS. BTS, ƙungiyar mawaƙa ta Koriya ta Kudu, ta fara fitowa ranar 13 ga Yuni, 2013.

Wahalar haɗa biyun ita ce numfashi. Mutum na tsalle yana murɗa jiki, ga baiti na tafe da gudu. Idan bai tsara inda zai shaƙi iska ba, sai ya riƙa haɗiye ƙarshen kalmomi. Shi ya sa ake bitar baiti ana cikin rawa. A ganina nan ne ya yi zarra.

J-Hope ya fitar da kundin waƙoƙinsa Hope World a 2018, ya kasance cikin manyan mawaƙan bikin kiɗa na Lollapalooza a Chicago a 2022, sannan ya yi aikin soja daga Afrilu 2023 zuwa Oktoba 2024.