Tambayoyinku: Shi Mai Haɗa Bidiyon, Yaushe Za a Fito Mana da Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗalibi ne, kuma ina son wasannin bidiyo tun ina zuwa gidan gem na unguwarmu buga ƙwallo a PlayStation 2. Kwanaki wani abokina ya ce mini Baturen nan mai ƙifta ido, wanda muke tura wa juna a WhatsApp idan wani ya faɗi abin mamaki, ba ɗan fim ba ne, ma'aikacin wani shafin wasanni ne mai suna Giant Bomb, kuma aikinsa ma a bayan kyamara yake. Na bi tsofaffin bidiyonsu a YouTube, na ga yadda masu kallo ke son a riƙa fito da shi. Abin da ke damuna ke nan da wani shafin da nake bi yanzu. Mai haɗa musu bidiyo in ya jefo magana ɗaya daga bayan fage, ta fi duk surutun masu gabatarwa ban dariya, amma sai a yi wata guda ba a ga fuskarsa ba. Hassada ce, ko rowa, ko me?
— Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Sunan mutumin Drew Scanlon, kuma an ɗauki wannan ƙifta idon ne a watan Disamba na 2013, a wani shirin kai tsaye da suke yi ranar Juma'a mai suna Unprofessional Fridays. Jeff Gerstmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, yana buga wasan Starbound, sai ya yi wata magana mai harshen damo a kan fartanyar da yake noma da ita a cikin wasan. Drew na cikin ɗan ƙaramin akwatin hoto a gefen allo, ya ɗaga gira, ya ƙifta, shi ke nan. Hoton ya yi fiye da shekara 3 a kwance kafin ya game duniya a farkon 2017.

Kafin mu zo kan hassada, gara ka san gidan da ya fito. A ƙarshen 2007 shafin GameSpot ya sallami Gerstmann daga aiki, bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, alhali kamfanin da ya fitar da wasan ya cika shafin da talla. Abokan aikinsa Ryan Davis da Brad Shoemaker da Vinny Caravella suka bar wurin su ma, a 2008 suka haɗu a Giant Bomb. Ƙaramin ofis ne a California, kuma Vinny ne mai bidiyo a cikinsu. To inda mutane ba su da yawa, ba wanda ke samun damar ɓuya. A 2009 suka ɗauki Persona 4, wani wasan Japan mai tsawon gaske, suka buga shi daga farko har ƙarshe a gaban masu kallo, kashi 155. Vinny ne riƙe da hannun gem ɗin, Jeff na gefensa yana sharhi. Daga nan masu kallon wannan shafi suka saba da cewa mai bidiyo ma mutum ne mai baki. Drew ya shigo a matsayin ɗan koyon aiki, ya zama furodusa, ya tarar da jama'ar da ta riga ta iya kasa kunne ga muryar da ke fitowa daga bayan fage.

Yanzu ga amsarka. A mafi yawan lokuta ba hassada ba ce. Kujera ce ba ta da mai riƙewa.

Na yi shekaru a wani ƙaramin sitidiyo a Kano ina wannan aikin. Namu ba na wasanni ba ne, hira ce da tallace-tallace, amma kujerar iri ɗaya ce. Mai zama a kanta kunnensa na kan makirufo uku ko huɗu a lokaci guda, yana rage wa mai ƙarar murya, yana ƙara wa mai magana ƙasa-ƙasa. A shirin wasanni aikin ya ninka, domin ga sautin wasan kansa, harbi da kiɗa da ihun 'yan kallo, wanda in aka sake shi sai ya danne muryar kowa. Ga hoton da ke fitowa daga PlayStation ko Xbox, wanda sai ya bi ta na'urar ɗauka kafin ya shiga kwamfuta, kuma yakan iso a makare, har ka ji murya ta zo kafin baki ya motsa. Ga zaɓen kyamarar da za a nuna a kowane daƙiƙa. Ga ido ɗaya a kan intanet, ko shirin yana tafiya ko ya tsaya ba wanda ya sani. In an tashi, masu gabatarwa su tafi cin abinci, shi kuwa a lokacin ne zai fara tacewa da fitarwa da ɗorawa. A wajenmu sai ka ƙara da sauraren kukan janareta.

Wata rana baƙonmu bai zo ba, mai gidan ya ce in zo in cike gurbin. Aka bar wa wani yaro da bai daɗe da fara koyo ba na'urar haɗa sauti. Makirufon mai gabatarwa a kashe yake, yaron bai lura ba, muka yi kusan rubu'in awa ana jin amsoshina ba a jin tambayoyin. Ba laifin yaron ba ne, an ɗora masa abin da bai kai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, ƙanena. Duk ranar da ka ga mai haɗa bidiyo ya zauna a gaban kyamara hankali kwance, to akwai wani ƙwararre da aka biya ya zauna a wurinsa, ko kuwa shirin ranar zai fito da aibu.

Akwai kuma abin da nake so ka yi wa masu gabatarwa adalci a kai. Ka ce maganarsa ɗaya ta fi surutunsu. Ai dole ta fi. Shi ya yi awa guda yana saurare, ba wanda ke jiran ya ce komai, sai da ya ga gaɓar da ta dace sannan ya jefa. Mai gabatarwa kuwa wajibi ne ya yi ta magana awa biyu, da abin faɗa ko babu, yana buga wasa, yana karanta rubutun allo, yana kula kada shiru ya yi tsawo. Kamar mai kalangu ne a bayan mawaƙi: in ya yi wani salo sau ɗaya a tsakiyar waƙa sai fili ya ɗauka, amma wannan bai nuna cewa in aka miƙa masa makirufo zai riƙe taro har asuba ba, kuma in ya karɓa, kalangun ya yi shiru. Na ga masu bayan fage da dama da aka fito da su saboda roƙon jama'a, aka zaunar da su a kujerar mai gabatarwa, suka koma kwaikwayon wanda suka gada, abin da ya sa aka so su tun farko ya ɓace.

Abin da ya burge ni da Giant Bomb shi ne ba su yi wannan kuskuren ba. A 2014 Vinny ya koma New York don buɗe musu reshe, a shekarar kuma suka ɗauko mutum biyu daga mujallar Game Informer: Dan Ryckert, da wani furodusan mai suna Jason Oestreicher. Da aka sami hannu na biyu a kan na'urori, sai ga shirin Metal Gear Scanlon. Dubi yadda aka gina shi. Jerin wasannin Metal Gear Solid na Hideo Kojima, wanda ya fara a 1998, labarinsa a murɗe yake ƙwarai, kuma Dan ya haddace shi kamar karatun allo. Drew kuwa bai taɓa bin jerin daga farko zuwa ƙarshe ba. Sai aka ba Drew hannun gem, Dan ya zauna kusa da shi. Ba a ce masa ya zama mai barkwanci ba, ba a ce ya cika shiru ba. Aikinsa ya buga, ya yi mamaki inda abin mamaki yake, ya yi tambayar da mai kallo ke yi a zuci. Wato halinsa na bayan fage aka ɗauko aka yi masa shiri daidai da shi. Haka nan da aka san yana son jiragen sama, aka bar shi da Vinny suna fama da wasannin koyon tuƙin jirgi masu maɓallai barkatai, da kuma shirin murya kan tseren motoci na Formula 1 da yake yi da Danny O'Dwyer, wani ma'aikacin GameSpot a lokacin.

Sai dai ba zan wanke masu shafuka tas ba, domin a batun rowa kana da ɗan gaskiya. Mai gida ya san wani abu da mai kallo ba ya tunawa: mutumin da ya iya ɗauka, ya iya tacewa, ya iya sauti, sannan ya sami jama'ar da ta san fuskarsa, ba ya buƙatar kowa kuma. Danny O'Dwyer ya bar GameSpot a 2016 ya kafa Noclip, yana shirya dogayen bidiyo kan yadda ake ƙera wasanni, da kuɗin da masu kallo ke tarawa a Patreon, shafin da ake biyan kuɗin tallafi duk wata. Drew ya bar Giant Bomb a 2017, daidai lokacin da hotonsa ke yawo, ya kafa Cloth Map, inda ya riƙa zuwa ƙasashe irin su Yukren da Brazil da Kyuba yana duba yadda mutane ke wasa. A 2021 Vinny da Brad da abokin aikinsu Alex Navarro suka fita daga Giant Bomb tare suka kafa Nextlander. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, haƙƙinsu ne. Amma ka sani, idan kana roƙon a fito da mai bidiyo, wani lokaci hanyar fita daga gidan kake share masa, kuma mai gidan ya fi ka sanin haka.

Wani abin da ba a faɗa: fitowa gaban kyamara ƙarin aiki ne, kuma a wuraren da na sani ba kasafai albashi ke ƙaruwa da shi ba. Mutum ya yi shirin, ya tashi ya koma ya tace shirin da kansa yana kallon fuskarsa har dare. Wasu kuma ba sa so sam. Sun zaɓi bayan kyamara ne da gangan, don su shiga kasuwa ba wanda ya nuna su da yatsa.

Don haka in za ka rubuta wa shafin da kake bi, kada ka ce “ku riƙa fito da shi” kawai, wannan ba ta da inda za a kama ta. Ka ambaci bidiyon da ya burge ka a ciki, ka faɗi abin da ka lura yana so ko ya iya, ka ce da za a yi masa ɗan shiri a kan wannan ko sau ɗaya a wata, da ka kalla. In suna da tsarin biyan kuɗin wata kuma kana da hali, wannan kuɗin ne ke ɗauko furodusa na biyu. In ba hali, kallon bidiyon da ya fito a ciki har ƙarshe ma shaida ce, domin masu shafi suna ganin alƙaluman inda ake tsayawa da inda ake gudu. Allah ya ba da sa'ar karatu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Yayana yana ɗora bidiyon wasan ƙwallo na gem a YouTube, ni ce nake tace masa a waya. Wani lokaci ana jin muryata ina tsokanarsa in an ci shi, yanzu masu kallo sun dame shi wai sai na fito. Shi yana so, ya ce za mu ƙara mabiya. Ni ba na so, kuma na san a gida ba za a ji daɗi ba. Ya zan yi ban ɓata masa rai ba?
— Wata mai karatu daga Kano

AMSA: Ƙanwata, “ba na so” ɗin nan da kika faɗa ta isa, ba sai kin nemo wata hujja kin ɗora a kai ba. Abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Mutumin da muka yi zancensa a sama daƙiƙu kaɗan ya yi yana ƙifta ido, yau fuskarsa na cikin wayoyin mutanen da ba su san sunansa ba, kuma ba wanda ya nemi izininsa. Shi ya yi dabara, ya riƙa amfani da sanin da aka yi masa yana tara wa ƙungiyar masu fama da wata cutar jijiyoyi mai suna MS gudummawa ta hanyar hawan keke, amma ba kowa ne abin ke zo wa da sauƙi haka ba, balle ke mace a garin da kowa ya san gidan kowa.

Ki gaya wa yayanki a hankali cewa abin da masu kallo suka so muryar ce da tsokanar, kuma wannan za ki iya ci gaba da ba su in kin ga dama. Ya saya miki ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga don muryar ta fita sosai. In ana son ƙari, ku yi wasan ku biyu, kyamara na kan allon talabijin kawai. Ki zaɓi wani laƙabi da za a riƙa sawa a ƙarshen bidiyo a matsayin mai tacewa, ba sunanki na yanka ba.

Sannan tunda har maganar mabiya ta taso, ku yi ɗaya maganar tun yanzu. YouTube na fara raba kuɗin talla na dogayen bidiyo ne idan tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kafin ku kai can, ku zauna gaban Umma ko wani babba a gidan, ku yanke kason kowa, ku kuma amince ke ma kina da lambar sirrin shiga tashar.